Rediyon da Kaka Take Ba Ruwa

Zuwa ga Kawuna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a aikin hannunka. Mu ma lafiya lau. Baba ya koma shago, tarin Auta ya yi sauƙi.

Kawu, ka yi haƙuri na daɗe ban ba ka amsa ba, kunya ce ta hana ni. Ɗan rediyon da ka haɗa wa Kaka ya iso. Na bi takardarka, na ja doguwar wayar daga taga zuwa bishiya, na kafa ƙarfen a ƙasa a bayan ɗaki, na ɗaura masa gajerar wayar. Baba ya yi ta juya rediyon yana neman wurin batir. Da na karanta masa cewa ƙarfin da tashoshi suke watsawa a iska shi ne abincinsa, sai ya ce kai tun kana yaro ba ka rasa abin faɗa. Amma da na sa wa Kaka abin kunnen, ta yi murmushi. Ka san tun da idonta ya daina gani ba ta fita daga ɗaki, magana ma sai an matsa mata.

Bayan kwana tara muryar ta yi ta raguwa har ta ɓace. Kaka ba ta cire abin kunnen ba, ta dai juya fuskarta bango. Na ɗauka ni na lalata shi, na rasa yadda zan gaya maka. Ran Laraba ina wanki, Inna ta ce kada in jiƙa mata tsakar gida, sai na kai ruwan bayan ɗaki na zubar a gindin ƙarfen. Ko bokitin ban ajiye ba na ji Kaka tana kirana, wai mutanenta sun dawo. Ashe ƙasar ce ta bushe. Na sake duba takardarka, na ga ka rubuta a bayanta cewa a riƙa jiƙa gindin ƙarfen, ni ce ban juya ba.

Yanzu Kaka ta ce ba ta yarda da hannun kowa ba, har nawa. Kullum da safe tana dafa bango da butarta, ta fita ta ba ƙarfen ruwa da kanta, sannan ta zauna a ƙofar ɗaki tana ba Baba labarin duniya ko bai tambaya ba. Na gode, Kawu, Allah ya saka da alheri.

Ka gaishe da Gwaggo da 'yan biyu. Baba da Inna suna gaishe ka. Kaka ta ce ta ji kana shirin aiko mata da babba mai batir, kada ka soma, wannan ya fi, shi ne yake jiran ta da safe.

'Yarka,
wadda kake kira Shiru-shiru