Wayar da Ta Shiga Ɗakin Baba

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan alhamdulillahi. Gwaggo ta warke daga ciwon ƙafar, har ta koma yawon gidajen mutane tana raba shawarar da ba wanda ya tambaye ta. Jikin Inna kuwa yau da sauƙi, gobe babu, kuma a kanta nake rubuto maka.

Ka san tun da huhunta ya yi rauni ba ta rabuwa da injin numfashi, kuma idan an ɗauke wuta, inbatar da Baba ya haɗa kafin rasuwarsa, wato na'urar da ke tara wuta a batir, ita ke riƙe injin. A da, batiranta kan kai mu har a kawo wuta. Amma tun watan jiya, kullum ƙarfe huɗu na yamma sai ta yi ƙara sau ɗaya, lambar da ke gilashinta ta haura kamar an kunna wani abu mai jan wuta. Bayan minti ashirin ta sauka, batir ya zube rabi. Na kashe fanka, na cire firji, na bi gidan soket bayan soket, ban ga komai a kunne ba. Sau biyu injin Inna yana tsayawa, na zauna ina yi mata fifita ina kallon leɓenta yana canza launi.

Na kira Dogo mai gyaran wuta, wanda ya koyi aiki a hannun Baba. Ka san halin Baba, bai taɓa rubuta wace waya ta tafi ina ba, komai a kansa yake. Dogo ya yini yana bin bango yana ƙunƙuni, wai maigidansa ya tafi da taswirar gidan. Daga ƙarshe ya gano wata waya da ta bi bayan kabad ta shige ɗakin aikin Baba, wanda muka kulle tun bara. Muka buɗe. Kayansa na nan cikin ƙura yadda ya bar su, butar shayinsa ta lantarki tana kan teburi, wayarta a naɗe, ba a jone ba. Na ɗora hannu a kanta, Yaya, da ɗumi na ji ta. Dogo ma ya taɓa, ya janye hannu, bai sake yin wasa ba ranar. Ya ce shi dai shawararsa a yanke wayar.

Inna ta ce ba ta yarda ba. Wai mutum ya shekara arba'in yana shan shayinsa ƙarfe huɗu a ɗakin nan, ba mu isa mu hana shi ba. Na yi lallashi, na yi kuka, ta juya mini baya. To, ni numfashinta nake gani, don haka jiya da ta yi barcin hantsi na sa Dogo ya yanke.

Jiyan da ƙarfe huɗu inbata ta yi shiru, har na fara murna. Da na leƙa ɗakin Inna sai na tarar ta matsa jikin bango, ta cire robar numfashin daga fuskarta ta ajiye a kan filon da ba kowa. Na yi tsalle zan mayar mata, ta riƙe hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Ta ce in bar Baba ya huta, tun da na rufe masa can, nan ya dawo, kuma ya sha tafiya yana haki. Na dubi robar. Tururi na rufe ta yana washewa, yana rufe ta yana washewa.

Yau ma haka aka yi, kuma ya fi na jiya daɗewa. Tsoro nake ji, Yaya, ban san ko in mayar da wayar ba. Don Allah ka taho, ni kaɗai ba na iya ƙwace robar daga hannunta.

Ka gaishe mini da matarka da 'yan biyu. Gwaggo da Kawu suna gaishe ka.

Ƙanwarka,
Auta