Wa Ke Taɓa Babur ɗin Baba?

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar taki, ta daina kumburi? Mu nan lafiya lau. Inna na gaishe ki, Baba ma yana gaishe ki, ko da yake kwanan nan ko gaisuwarsa da faɗa take fitowa.

Dalilin wannan takarda, Yaya, jan babur ɗin nan ne mai ƙafa huɗu, wanda Baba ke hawa zuwa lambu tun da ya bar mini gareji. Kin san hanyar lambun, rabi yashi rabi duwatsu, ga kwarin nan da ake gangarawa, in ba shi ba babu abin da ke kai tsoho can. To babur ɗin nan ya lashi takobin sai ya zubar mini da mutunci.

Da farko ya ƙi tashi. Na je na duba, na tarar tiyon mai ya lanƙwashe a ƙarƙashin tanki, fetur ba ya isa kafireta. Na miƙe shi na ɗaure, na tayar, ya yi ta ruri kamar sabo. Ba a jima ba Baba ya aiko wai ya sake ƙi. Wannan karon bakin filogi ne ya haɗe, wuta ba ta tsallakawa. Na sa sabo. Ina murna na huta, sai ga wayar batir ta saki. Yaya, tun ban kai tsawon taya ba nake cikin wannan sana'a, na san irin ciwon da inji ke jawo wa kansa. Sarƙa takan saki, birki yakan cinye, batir yakan gaji. Amma bakin filogi ba ya haɗe kansa, sai wani ya ƙwanƙwasa shi. Akwai hannun mutum a babur ɗin nan.

Da abin ya tsaya a gida da sauƙi. Baba ya mayar da shi hirar benci. Kullum da yamma yana zaune da abokansa a ƙofar gida, da ƙarfi yake faɗa, wai ya haifi bakanike, ya koya masa aiki, ya bar masa gareji da kaya, amma babur ɗaya tak ya gagare shi. Tsofaffin nan kuwa kin san su, abin da suka ji da yamma, kafin safiya ya zagaye unguwa.

Ga inda abin ya fi yi mini ciwo. Manajan babbar gonar kiwon nan ta bayan gari yana da irin waɗannan babura da yawa, kuma ya yi mini alkawarin ni zan riƙa kula da su, in canza musu shokozoba, in ƙera musu mazaunin kaya. Aikin da na daɗe ina nema ke nan. Jiya ya tsaya a gareji yana dariya, ya ce bari ya ga na Babana yana tafiya tukuna. Dariya yake yi, amma na san ba wasa yake ba. In aikin ya kuɓuce mini kuwa, tsallaken titi zai faɗa, hannun Guduma, tsohon yaron Baba da ya buɗe garejinsa daidai saitin nawa don ya riƙa ƙirga masu shigowa wurina. Ki lissafa da kanki ki ga wa zai ji daɗi in babur ɗin Baba ya ci gaba da ƙi.

Ki taya ni da addu'a, kuma kar ki yi mini dariya. Ki shafa mini kan yara.

Ƙaninki,
Baƙin Mai (tunda kin ƙi daina kirana haka)

Yayata ta kaina,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta iso, na ji daɗin ƙafa ta yi sauƙi. Na kuma ga inda kika ce tun ina ƙarami in aka gusar mini da takalmi sai na tuhumi gida kaf. Na ji, amma ai sau da yawa ke ce kike gusarwar.

To saurari wannan, ki ga ko zargin banza nake yi. Na ɗana tarko. Kin tuna yadda Baba ke mayar da noti? Sai ya lakaci giris da ɗan yatsa ya shafa a zaren, sannan ya ɗaure a gicciye, na wannan kusurwa sai na waccan. Duk wanda ya ci ranƙwashi a garejinmu haka hannunsa ke yi ko bai sani ba. Da na gama gyaran batir, da gangan na goge notocin murfin matatar iska na mayar da su a bushe.

Babur ya sake ƙi, yana tari yana shaƙewa. Na buɗe murfin, sai ga tsumma an cusa a bakin iska. Tsumma mai tsabta, Yaya, an ninke shi tsaf kamar za a sa a akwati. Notocin kuwa kowanne da ɗigon giris a zarensa. Mutum nawa suka rage a garin nan da suka koyi aiki a hannun Baba? Ni da Guduma.

Ban tsaya shawara ba. Da rana tsaka na tsallaka titi, na wurga masa tsumman a kan teburin aikinsa a gaban masu kawo gyara, na ce ga kayansa ya manta a gidanmu. Na shirya za a yi ta, don kin san bakinsa. Sai mutumin nan ya ɗauki tsumman ya jujjuya, ya shinshina. Can ya ce rabonsa da gidanmu tun bara, kuma da shi ne zai yi ɓarna ba zai tsaya ninke tsumma ba. Ya miƙo mini, ya rage murya, ya ce, "Ɗan maigida, koma gida ka buɗe idonka." Da zagina ya yi da na fi jin daɗi. Wannan lallashin bai kwanta mini ba ko kaɗan, mai gaskiya ai tsalle yake yi in an ɗora masa laifi.

Na sayi kwaɗo na garƙame ɗakin ajiyar da babur ke kwana. Makulli biyu ne, ɗaya a aljihuna, ɗaya na ba Baba. Mu ga ta inda Guduma zai bi, sai dai in ta ramin ɓera.

Ki gaida maigidanki da kyau.

Naki,
Baƙin Mai

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Ki yi haƙuri da gajeriyar takarda, raina a dagule yake.

An sake taɓa shi. Kwaɗo na nan a kulle, ko ƙwarzane babu, amma an zare fiyus an mayar da ƙonanne. Ba Guduma ba ne ke nan, kuma ban san da wane ido zan kalle shi ba.

Na zauna na jera abubuwan a kaina, sai na lura da abin da ya wuce ni. Babur ɗin nan bai taɓa mutuwa a hanya ba, kullum a gida yake ƙi. Ba a taɓa taɓa birki ba, ba a taɓa taɓa taya ba. Mai yin wannan ba ya son a ji ciwo, so yake kawai kar a fita. Wa ya san ƙusar da Baba ke rataye makulli? Wa ta yi shekaru tana wanke masa kayan inji a kwano lokacin da ba shi da yaro ko ɗaya? Wa kullum take cewa kwarin nan ba ya mata daɗi? Allah ya yafe mini, jiya na zauna ina leƙen farcen Inna ko zan ga giris. Na ɗan zagaya mata maganar, ta ce tukwanenta ma sun ishe ta, amma ba ta yarda mun haɗa ido ba.

Ke ma ban wanke ki ba. Ke da kike cika takarda gaba da baya, wannan karon layi kaɗan kika rubuto, wai in bar maganar babur in rungumi aikina. In akwai abin da kuka sani ke da Inna, ku gaya mini, ni ba yaro ba ne. Manaja ya ce zai biyo ta ƙofar gida ƙarshen mako ya gani da idonsa.

Ƙaninki da kuka mayar bare,
Baƙin Mai

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa, ina fatan wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Ki samu wuri ki zauna kafin ki karanta, ko da yake ina jin kin riga ni sani.

Na ce wa mutanen gida zan je sayo kayan gyara, ba zan dawo da wuri ba. Na zagayo ta baya, na sa matata ta kulle ni a ɗakin ajiya, na laɓe bayan tsofaffin tayoyi. Zafi kamar a tanda, ƙafata ta mutu, ina ta shirya maganar da zan gaya wa Inna ba tare da na saɓa mata ba. Bayan azahar na ji ana laluben kwaɗo. An daɗe kafin makulli ya sami raminsa.

Baba ne ya shigo.

Ya bar ƙofa a buɗe, rana ta cika ɗakin, amma da hannu yake bin bango. Ya taɓa kujerar babur, ya shafa ta har zuwa tanki, ya zaro sifana daga aljihu. Hannun nan, Yaya, har yanzu babu irinsa, bai yi kuskuren noti ko ɗaya ba. Sai wani ƙarami ya suɓuce masa ya gangara, ya tsaya daidai gefen takalminsa, cikin hasken rana, yana ƙyalli. Ni daga bayan tayoyi ina ganinsa. Baba ya durƙusa yana shafa ƙasa can nesa da shi, ya shafa gabas ya shafa yamma, yana numfashi da ƙyar. Saura kaɗan in miƙa hannu in ba shi. Da ya same shi ya goge a riga, ya buɗe ɗan gwangwanin giris ya lakata ya shafa. Da ya gama ɓarnarsa sai ya hau babur ɗin ya zauna, ya riƙe kan da hannu biyu kamar mai tafiya, ya daɗe a haka. Sannan ya share fuska da hula ya fita.

A nan komai ya dawo mini. Shayin da yake zubawa gefen kofi. Yadda ba ya amsa wa mutum da suna sai ya ji muryarsa. Lotsewar da ke gaban babur ta hagu, wadda ya ce akuya ce ta gitta masa. Mutumin da yakan hango tsagar da ba ta kai gashi ba a jikin inji, yau ya gwammace a ce ɗansa bai iya aiki ba da a ce shi ba ya gani. Ba zan ɓoye miki ba, na yi fushi, na yi fushi sosai, don da sunana ya rufe kansa. Na zauna a wurin ina huci, sai kuma na ga hawaye nake yi. Da na tambayi Inna kai tsaye, ta gyaɗa kai, ta ce ko ita bai taɓa gaya wa ba, ita ma ba ta taɓa nuna ta sani ba.

Na tura babur ɗin gareji. Na cire mazaunin kaya na baya, na ƙera kujera mai majingina da mariƙi hagu da dama, na sa wurin ɗora ƙafa, na canza shokozoba zuwa mai laushi saboda bayansa. Ranar da na dawo da shi Baba na kan benci da abokansa, ga motar manaja ta tsaya, ya sauke gilashi yana kallo. Na durƙusa gaban Baba, na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce babur ɗin nan ya fi ƙarfina. Na ce ciwonsa ba na ido ba ne, na kunne ne, ba ya fitowa sai ana tafiya, kuma kunnena bai kai nasa ba. Na roƙe shi ya zauna a baya ya riƙa sauraron injin, ni in riƙa tuƙawa, har Allah ya sa ya gano mini.

Baba ya juyo da fuska wajen muryata. Ina jin ya gane na gane. Can ya ce, "Da ma na san ba ka iya ba. Miƙo mini sandata."

Manaja ya ɗaga gilashinsa ya wuce. Aikin yana hannun Guduma yanzu, ina hango baburan a jere a ƙofarsa in na ɗaga kai, kuma ba zan ce miki ba ya yi mini zafi ba. Na tsallaka na ba shi haƙuri, ya ce tun ranar da ya shinshina tsumman ya ji ƙamshin sabulun Baba.

A hanyar lambu kuwa ban huta da bakin Baba ba. Wai in rage wuta, wai sarƙa ta yi sako-sako ko kurma ne ni, wai wa ya koya mini canza giya haka. Da muka zo gangaren kwari sai na ji ya saki mariƙin da na sha wahalar ƙerawa ya damƙi rigata, ya jingina goshinsa a bayana har muka haye.

Maganar asibiti sai kin zo, ke kaɗai yake jin nauyi, ki san yadda za ki ɓullo masa. Babur dai tun ranar bai sake ƙin tashi ba. Gobe da safe ma za mu tafi. Wai har yanzu bai gano ciwon ba, ni kuma na ce masa kar ya yi gaggawa.

Ki gaida kowa da kowa. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki,
Baƙin Mai