Ubale da Ramin Surajo

Riruwai, Jihar Kano,
Laraba, 17 ga Agusta, 1994.

Zuwa ga Yayana Idi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya a Legas, kai da Baturiya da yara, Ya kuma yi wa aikinka na masaƙa albarka. Mu ma nan sai godiya. Damina ta yi kyau bana, masarar gonar gindin dutse har ta fara goyo. Ƙafar Inna ta yi sauƙi tun da ta fara shafa man da ka aiko, yanzu da kanta take zuwa gaisuwar maƙwabta. Kulsum ta Goggo Dije ta sauka lafiya, an samu mace.

To Yaya, maganar ƙaninmu Ubale ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka kwantar da hankalinka tun yanzu, yana raye, yana gida. Amma mun ga tashin hankali a makon jiya, kuma gara ka ji daga bakina da ka tsinta a bakin direbobi, don zancen hanya ba ya isa yadda ya tashi.

Ka san yadda ya koma tun daminar da ramin kuza ya rufta da abokinsa Surajo, ɗan Malam Ladan mai makarantar allo ta unguwarmu. Ubale na sama yana jan igiya, Surajo na ƙasa. An yi tono har ƙarfi ya ƙare, ruwa ya cika wurin, ba a kai ga gawa ba, aka yi masa salla aka bar shi a can. Tun daga ranar Ubale bai sake ambaton sunansa ba, bai kuma taɓa kuka a gabanmu ba. Ya bar haƙa ya koma gona, muka ɗauka ya haƙura. Ashe rashin kuka ba haƙuri ba ne.

Watan jiya maigidana Ɗahiru ya je Kano ya sayo sababbin kaset don gidan kallonsa na bakin kasuwa. A ciki akwai wani fim ɗin Indiya na wasu abokai biyu masu haƙa a ƙarƙashin ƙasa. Can wajen ƙarshe dutse ya rufta da ɗayan, ɗayan kuma ya yi ta tono da hannu har yatsunsa suka yi jini. Ya samu ’yar kafa ya kara kunne, na ciki ya yi masa magana a hankali, doguwar magana, sannan shiru. Ba waƙa a wurin, ba kiɗa. Mu mata da hantsi Ɗahiru kan kawo mana talabijin gida, kuma ka san ni da son na ban tausayi. Na sha kallon na marayu da na uwar da ta makance, in yi kukana in tashi in ɗora girki. Wannan kuwa bin mutum yake yi. Ina tsakiyar daka sai in ga yatsun mutumin nan. Maƙwabciyata Tasalla ta ce ba ƙwarewar Indiyawa ba ce, garin namu ne: babu gidan da ba shi da mai shiga rami, kowa nasa yake gani a ciki.

Ubale da ba ya shiga gidan kallo, wata rana ya leƙa, ya tarar da wannan fim ɗin. Daga ranar kullum bayan La’asar yana can, kuma ba ya son kowane sai shi. In an zo wurin ruftawar sai ya taso daga benci ya durƙusa, ya manna kunnensa a jikin talabijin. Da fari samari dariya suke yi, daga baya suka daina, wasu ma suka daina zuwa. Ɗahiru ya ɓoye kaset ɗin ya ce ya lalace. Ubale ya zo ya tsaya a ƙofar gidanmu, bai yi faɗa ba, bai roƙa ba, tsayuwa kawai, har Ɗahiru ya ji tsoro ya fito da shi. Na ja Ubale ɗaki na tambaye shi abin da yake nema a ciki. Ya ce Surajo ma ya yi magana. Ya ji muryarsa daga cikin ƙasa, amma ƙarar ruwa da ihun mutane suka hana shi gane ko kalma ɗaya. Shi ya sa yake so ya san me na cikin fim ɗin ya faɗa. Ga shi duk garin ba mai jin Indiyanci, kowa da ka yake fassara.

Ranar Alhamis aka fito daga sallar Asuba ba a ga Ubale ba. Inna ta duba bayan rumbu, ba diga ba shebur. Muna cikin cigiya sai ga Buba, makiyayin nan da ke ajiye shanunsa a bayan dutse, ya ce ya ga mutum yana tono a tsohon ramin da ya ci Surajo, ya yi masa magana bai ko ɗago ba. Ban san lokacin da na fita ba takalmi ba. Da muka isa ya riga ya nutse, ramin ya wuce tsayinsa, ƙasa kuwa ta sha ruwa, duk wanda ya matsa kusa sai gefen ya fara zubowa a kansa. Ga hadari ya haɗo daga gabas. An jefa masa igiya ya ture ta. Inna ta kira sunansa har muryarta ta dushe, ta zube a ƙasa. Mutane kuma suka juya kan Ɗahiru, ana cewa akwatinsa ne ya haukatar da yaro, wasu samari har suna cewa a je a cinna wa shagon wuta. Ni ina tsakiya, ga ƙanina a rami, ga mijina an kewaye shi.

Ana haka sai ga Malam Ladan da sandarsa. Ya sa kowa ya ja baya, shi kuwa ya taka a hankali har bakin ramin, ya zauna ya zura ƙafafunsa ciki. Ƙasa na zubowa daga ƙarƙashinsa muna gani. Bai ɗaga murya ba. Ya ce wa Ubale tunda kabarin ɗansa ake buɗewa, ai dole uba ya zauna a wurin, in ƙasar za ta rufta ta rufta da su biyu, shi ba inda za shi sai tare da shi. Ubale ya ɗaga diga zai sake sara, ya dubi ƙafafun tsohon nan a saman kansa, sai ya sauke. Malam ya miƙa masa sanda ya kama, maza suka kwanta rub da ciki suka jawo su. Ba mu kai gida ba ruwa ya kece. Da aka koma washegari ko ƙotar digar ba a gani ba.

Bayan an sauko daga Juma’a Malam ya aiko Ɗahiru ya kai kayan kallonsa zauren gidansa, har da janareto. Mun tabbata fasa su za a yi a gaban jama’a, don Malam mutum ne da bai taɓa kallon fim ba, kullum ma gargaɗin ɗalibansa yake yi a kai. Dattawa suka cika zauren, aka zaunar da Ubale kusa da Malam, ni kuma na raɓe a ƙofar cikin gida tare da mahaifiyar Surajo. Malam ya ce a wuce waƙe-waƙen, a kai shi wurin da ake magana. Aka kunna. Da na ciki ya gama maganarsa ya yi shiru, Ubale ya juyo ya tambayi Malam me ya ce. Malam ya dubi talabijin ya ce, “Ban iya yarensu ba, Ubale. Amma dubi fuskar na wajen. Ko mene ne aka faɗa masa, ba zargi ba ne.” Sai Ubale ya kifa kansa a cinyar Malam ya fashe da kuka, irin kukan da ban taɓa jin namiji ya yi ba.

Muna jiran hukunci, sai Malam ya goge idonsa da bakin rawani ya ce wa Ɗahiru ya tariyo a sake gani. Dattawa suka dubi juna. Malam ya ce ranar da abin ya faru yana Tudun Wada, labari kawai aka tarye shi da shi, bai taɓa sanin yadda aka yi wa ɗansa tono ba sai yau. Aka sake kallo, mahaifiyar Surajo ta riƙe hannuna har ya yi tsami. Bai ce a rufe gidan kallo ba. Kaset ɗin kawai ya karɓa, ya ce zai zauna a wurinsa. Duk da haka ba kowa ya huce ba, har yanzu ana jefa wa Ɗahiru magana a kasuwa, shagon ma a kulle yake sai ƙura ta lafa.

Ubale yanzu yana cin abinci, yana barci, amma ba ma barinsa shi kaɗai, in hadari ya taso kuwa sai ka ga ya kasa zama. Na ce masa zan roƙe ka ka tambayi Indiyawan masaƙarku ma’anar maganar, ya ce a bari. Malam ya ba da shawarar ya ɗan yi nisa da dutsen nan, Inna ta yi ta jayayya, daga baya ta amince. Don haka roƙona, Yaya, ka zo da kanka ka tafi da shi, kada ka ce a sako shi a mota. Sai dai ka bari sai kaka. Ubale ya ce ba zai bar garin ba sai ya girbe wa Malam gonarsa, don tun rasuwar Surajo tsohon ne ke sunkuyawa da kansa.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka sa mu a addu’a. Ɗahiru da Goggo Dije da Kulsum duk suna gaisuwa. Ka gaishe mini da Baturiya, ka shafa mini kan Habu da Ɗantani. Allah Ya tsare, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce ƙanwarka,
Maijidda.