Kifin Yaya da Ƙofofin Dam

Zuwa ga Innata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya jikin naki, ya ƙafar? Allah ya sa maganin ya karɓe ki. Ni da 'Yar Firit, 'yar Yaya da nake riƙo, lafiya lau. Haƙoranta na gaba sun zube, in ta yi dariya sai ki rantse sa'arki ce.

Saƙonki ya iso, na kuma gane Yaya ya riga ni kai ƙara. To ga nawa bakin. Wannan dam da nake aiki a kansa, Inna, ba don a ƙawata gari da tafki aka gina shi ba, don ya tare ambaliya ne. Kamar randarki ce: in kina so ta ɗauki ruwan sama, dole ki rage na cikinta kafin hadari ya haɗo. Shi ya sa kowace shekara, kafin damina ta kankama, muke ɗaga ƙofofi mu sauke ruwan har jan layin da ke jikin bango. In ruwan tuddai ya gangaro sai ya sami masauki, maimakon ya afka wa garin da ke ƙasa. Makullin ɗakin injin kuwa a hannuna yake.

Yaya ya san wannan sarai. Da zai kafa kejin kifinsa na ce ya kai tsakiya inda zurfi yake, ya ce nisa ya yi yawa, ya kakkafa turakunsa a gefe inda yara ke wanka. Ga shi ya zuba 'ya'yan kifin a makare. Yanzu tarwadar ba ta isa sayarwa ba, lokacin sauke ruwa ya yi. Abin da bai faɗa miki ba shi ne, so yake in ce wa ofis injin ya lalace, in ja ƙafa har kifin ya girma. Na ce zan aro kwale-kwalen ofis mu kwashe su tare zuwa zurfi, ya ce ba zai ɗauki darasin kiwon kifi a wurin yarinyar da ya goya ba.

Sai ya ɗauko babbar sandar. Ya ce duk ranar da na taɓa ƙofofin nan zai zo ya karɓe 'yarsa. Kin san tun rasuwar uwarta a bayana ta girma, ni ce na yaye ta. Ya san inda zai taɓa ni, ya kuma taɓa. Amma zan buɗe, Inna. Gara ki ji daga bakina.

Ki gaida Gwaggo da mutanen gida.

Autarki.

Innata,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan kin tashi lafiya, ƙafar kuma da sauƙi. Ni dai jikina lafiya, sauran kuma sai a hankali.

Na buɗe. Na kai wa Yaya sanarwa da ƙafata, na sake roƙonsa mu kwashe kifin, ya juya mini ƙeya. Da safiyar ranar na busa jiniya don masu wanki da masunta su tashi daga bakin kogi, na kunna injin, ƙofofin suka ɗaga. Ruwan ya dinga ja da baya a hankali, kullum turakunsa na ƙara fitowa, har kejin ya zauna cikin laka. Abin da ya iya tsamowa ya tsamo, sauran shirwa da karnuka suka raba. Warin har ofishinmu. Ban ji daɗi ba, kada wani ya ce miki na ji. Gumin ɗan'uwana ne.

Ya cika alkawari, ai kin san ɗanki ba ya mance mugun alkawari. Ya zo ina tsefe wa 'Yar Firit kai, ko sallama bai ƙarasa ba. Ita a zatonta yawo za su, har tana tambaya ko ta sa takalmin makaranta. Ban yi kokawa da shi ba, 'yarsa ce, kuma ba zan bari ta ga ana jan ta kamar akuya ba. Na ƙarasa mata kitson a tsaye yana huci a bakin ƙofa. Sai da suka sha kwana na zauna na yi kukana.

Kin aiko cewa aikin gwamnati ba ya binne mutum, dangi ke binne shi. Gaskiya ne. Amma mutanen garin ƙasa su ma suna da dangi, Inna, kuma ba na so a yi ta binne su saboda tarwada.

Ki yi mini addu'a ko kina fushi.

Autarki.

Innata ta kaina,

Gaisuwa da girmamawa. Ya damina, ya ɗakin naki, Allah ya sa bai yi yoyo ba.

Ruwan da muke jira ya zo. Kogin ya sauko jawur, ɗauke da itatuwa da rufin rumfuna. Ina tsaye kan bango ina kallon ma'auni, ruwan na haɗiye lambobin ɗaya bayan ɗaya, ya shanye jan layin, ya ci gaba da hawa. Sai da ya rage kamu kaɗan ya kai baki, sannan ya tsaya. Da tafkin cike yake, da yanzu wani labarin ake yi.

Na sauka garin ƙasa cefane washegari. Mai kayan miya na ciniki, tela na taka kekensa, yara na tsalle a kwata. Ba wanda ya san an yi wani abu. Haka aikinmu yake, in ya yi kyau ba a ganinsa. Shi ya sa Yaya ke yawo yana cewa ga shi ba a yi ambaliya ba, a banza na kashe masa kifi.

Na ji sharaɗinsa: in zo gabanki in durƙusa, in ce na yi kuskure, in yi alkawarin baɗi zan saurara masa, sai ya maido mini 'Yar Firit. Zan zo, Inna. Zan durƙusa masa, yayana ne. Zan ba shi haƙurin asararsa, zan shiga ruwa da kaina in taya shi kafa keji a zurfi. Amma ba zan ce na yi kuskure ba, don ban yi ba, alkawarin nan kuma ba zan ɗauka ba. In na saye ta da ƙarya yau, da wane baki zan hana ta yi gobe?

Tunda wurinki ya kai yarinyar, ga ƙullin kayanta nan na ba direba. Maganin tarinta na cikin aljihun jakar makaranta, a ba ta bayan ta ci abinci. Ba ta son a matse mata kitso, kuma ba za ta faɗa ba, sai dai ki ga tana hawaye. In ta tambaya me ya sa ban zo ɗaukarta ba, kada ku ce mata aiki ya yi mini yawa. Ku ce ina nan, gadonta na nan a shimfiɗe, ban kuma ba kowa ba.

Yaya kuwa, ki gaya masa baɗi ma zan buɗe.

Taki har kullum,
Autarki.