An Sauya Kwaɗon Jakar Kakata

Anti Rahamatu, don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki gaggauta, saura mako uku jirgin kakata ya tashi daga Kano. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyar a Gumel, gidanmu kuwa Gagarawa. Ban taɓa rubuta wa jarida ba, ki yi haƙuri in na yi ta zagaye-zagaye.

Kakata Inna Sabuwa, mahaifiyar mamata, za ta sauke farali bana. Ba ta yi karatun boko ba, don haka da na zo hutu ni na shirya mata babbar jakar da aka raba wa maniyyata. Na jera kayanta, na rubuta sunanta da lambar fasfo, na sa ɗan kwaɗo ja, na ba ta makullin.

Ranar Alhamis Kawu Bilya, autanta, ya dawo daga kasuwar Maigatari ya shiga ɗakinta. Washegari na je shara, na ja jakar, na ji ta ƙara nauyi. Kwaɗon kuma ba nawa ba ne, wani baƙi ne babba. Na tambayi Inna, ta ce Kawu ya ce nawa na wasan yara ne, ma'aikatan filin jirgi da farce za su ɓalle shi. Wai ya kuma sa ɗan saƙon wani abokinsa, kuma makullin zai ba wani maniyyaci ya riƙe mata saboda tana da mantuwa. Mantuwar gaskiya ce, Anti. Amma ba ta san abin da ke cikin saƙon ba, ba ta ma tambaya ba.

Na raka ta bita sau biyu, na ji malamin yana jan kunne a kan goro da magunguna, ya ce wanda sunansa ke jikin jaka shi ake riƙewa. Sunanta kuwa da hannuna na rubuta. Na gaya wa mamata, ta ce in kama bakina, kada in zargi ƙaninta. Ni ko ido ba na iya haɗawa da Kawu. Ina buɗe littafi ba na ganin komai sai Inna a tsaye gaban jami'an da ba ta jin yarensu. Har taɓarya na ɗauka zan fasa kwaɗon, na ajiye. Shin in fasa? Ko zato ne kawai nake yi wa bawan Allah?

Taki,
Jikar Maniyyaciya, Gagarawa

Amsa

'Yata, ajiye taɓarya. In kika fasa, maganar za ta tashi daga kan jaka ta koma kan rashin kunyarki.

Mu yi wa Kawunki adalci. Ƙaramin kwaɗo ba ya jure jifan da ake yi wa kaya a jirgi, tsofaffi kuma suna yar da makulli. Mai yiwuwa saƙon bai wuce kuka da daddawa ba. Amma ko shi kansa ya buɗe ya gani? Ko ma mene ne, damuwarki tana kan hanya. Kwaɗo amfaninsa ya tsare kaya daga hannun wasu, ba daga mai su ba. In jami'ai suka ce a buɗe, mai riƙe da makullin kuma yana wani layin ko wani jirgin, Inna ce za ta sha tambaya.

Kin manta damar da kike da ita. Ke jika ce, abin da mamarki ba za ta iya furtawa ba, ke sai ki faɗe shi cikin wasa. Ki zauna da Inna, ki tuna mata abin da kunnenta ya ji a wurin bita, ki roƙe ta ta ce wa ɗanta ya buɗe ta gani. Uwa ta nemi ganin kayanta ba zargi ba ne. In abin ya gagara, ku koma wurin malamin bita tare, ita ta yi tambayar da bakinta.

Bayan an buɗe, duk abin da ba a warware a gabanta ba ya zauna a gida. Kwaɗon Kawu ya ci gaba da aikinsa, hakan zai faranta masa. Makulli ɗaya ki zura a igiya mai ƙwari ta rataya a wuya, na biyun a ba wata abokiyar tafiya da ita ta zaɓa. Maganinta da fasfo kuwa a jakar hannu.

Yau za ki yi maganar, ba gobe ba. Allah ya kai Inna lafiya, ya karɓi ibadarta, ya dawo miki da ita.