Baƙuncin Yaya Sada a Jarwal

Jarwal, Makka
Farkon Rajab, 1438

Zuwa ga Yayata Mairama,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da so da kewa, ina fata kina lafiya, ke da Alhaji da yara duka. Yaya ƙafar taki, kumburin ya sauka? Yaya ƙarfin jikin Hajiyarmu? Mu nan lafiya lau. Maigidana Idris yana gaishe ki, 'yarmu Shifa ma ta ce a gaida Khala Mairama, kin san har yau Larabci ya fi zama a bakinta.

Na ba Hajiya Ɗaso da za ta dawo gida wannan takarda ne, don ba ni da wurin yin waya. Ɗaki biyu ne gidan namu, Yaya Sada kuwa ko tari na yi sai ya tambayi da wa nake.

Ya iso lafiya, ya yi Umararsa. Kun ce in lallaɓa shi, an yi masa sharri a gidan rediyo, an raba shi da aikin da ya tsufa a kai. Na kuwa tausaya masa. Ni ma da sunansa na tashi ina taƙama. Ban manta lokacin gasar ƙwallon kwalejoji ba, masu shayi su ƙure rediyo, in ya ja "ta shiga raga" sai numfashinsa ya ƙare, washegari a makaranta a riƙa nuna ni ana cewa ga Saudat ƙanwar Sada Mai Sharhi.

Amma Yaya, mutumin nan ya gajiyar da ni. Mutane suna sayar da gona su zo su ga Ka'aba, shi ga Harami nan da ƙafa ake zuwa, amma sai Idris ya ja shi. Wuni yake a falo a gaban na'urar sanyi, yana naɗar muryarsa a waya yana aika wa masoyansa, wai kada su karaya, zai dawo. Gurasa da wake da kowa ke karyawa da su a garin nan ya ce shi ba zai ci ba, sai koko da ƙosai. Shifa ta bar masa ɗakinta, ladanta shi ne ya riƙa dariyar Hausarta. Idris ya dawo daga gyaran wutar otal a gajiye, Yaya ya zaunar da shi ya soma ba shi labarin wasan ƙarshe na wata shekara, da sunan kowane ɗan wasa da garinsu. Ranar Juma'a ya tara Hausawa a bakin kanti yana yi musu sharhin wasan da aka buga tun Shifa ba ta yi haƙori ba, har mai gadin bene ya fito ya ce a watse.

Wanda ya fi ɓata mini rai shi ne na shekaranjiya. Akwai wata baiwar Allah 'yar Maraɗi da ke sama da mu, ya gamu da ita a matattakala ya ce mata amaryarsa. Mijinta ya sauko ya sami Idris. Da na yi wa Yaya magana sai ya yi dariya, wai mutanen nan ba su san raha ba.

Na tambaye shi ainihin abin da ya faru a wurin aikin. Ya ce 'yan mata uku ne cikin ɗaliban da ake turowa koyon aiki suka kai ƙararsa, kuma wani mai son kujerarsa ne ya zuga su. Ya ce ya ɗaukaka ƙara, hukumar gidan za ta zauna.

Sai jiya na gane abin da ya kawo shi. Yarinyar da ta fara kai ƙarar sunanta Ruƙayyatu, kawunta da ya riƙe ta, Malam Abdulquddus, yana karatu a nan, yana zaune a unguwar Aziziyya. So yake Idris ya kai shi ya roƙi Malam ya sa ta janye. Ashe Umarar ma hanya ce. Ki gaya mini gaskiya, Yaya, kun san da haka kuka turo mini shi?

Ki gaida Hajiya, ki ce ga dabino da man zaitun nan. Ki gaida Ramlatu matar Yaya Sada da yaranta.

Ƙanwarki,
Saudat


Jarwal, Makka
Ƙarshen Rajab, 1438

Zuwa ga Yaya Mairama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina fata kowa yana cikin ƙoshin lafiya. Na ji daɗi da aka ce Hajiya ta soma fita tsakar gida. Allah ya ƙara sauƙi. Saƙonki ya iso, na kuma ga ba ki amsa tambayata ba, wannan ma amsa ce.

Mun je Aziziyya. Idris bai so ba, ni na matsa masa, na ce ɗan'uwana ne, in an zalunce shi ai sai mu tsaya masa. Malam Abdulquddus ya karɓe mu da mutunci, aka kawo gahawa. Maza suka zauna a falo, ni na shiga wurin matarsa Safiyatu. Labule ne kawai tsakaninmu, muryar Yaya Sada kuwa kin san ta, ba ta buƙatar lasifika.

Yaya, ba a bakin maƙiyi na ji ba, a bakinsa na ji. Wai yana kare kansa ne. Ya ce eh, yana rufe ƙofar ɗakin shiri in suna ciki su biyu, amma don hayaniya ne. Ya ce eh, ya sha riƙe mata hannu, ya taɓa dafa ta, amma ai 'yar cikinsa ce. Ya ce eh, ya gaya mata in tana so ya tafi da ita filin wasa ta yi sharhi sai ta daina ɗaure masa fuska ta saki jiki da shi, amma wannan magana ce ta tsakanin ubangida da yaronsa. Saƙonnin da yake tura mata ma bai musa ba. Yana faɗa yana 'yar dariyar nan tasa, yana jiran su taya shi. Ba wanda ya taya shi.

Ni kuwa ina zaune da finjali a hannu na rasa inda zan sa fuskata. Safiyatu ba ta ce mini komai mai zafi ba, da ta zage ni ma da ya fi mini sauƙi. A hankali ta ba ni labarin yarinyar. Tun tana ƙarama take son ƙwallo, a rediyo ta koyi sharhi, kuma muryar Yaya take kwaikwayo tana wanke-wanke har a yi mata faɗa. Da aka tura ta koyon aiki ita ta roƙa a sa ta a sashensa. Bayan ta kai ƙara, masoyansa suka samo hotonta suka yi ta yawo da shi a waya suna zagin ta da iyayenta. Yanzu ta bar aikin, makarantar ma da ƙyar take zuwa.

Malam bai ɗaga murya ba. Ya bar shi ya gama tsaf, sannan ya ce shi dama bai taɓa zargin 'yarsa da ƙarya ba, yau kuma ga mai abin ya zo har gida ya ba da shaida. Ya ce ba zai kira ta ba. Ya rako mu har bakin titi.

Muka shiga mota. Yaya ne ya yi ta magana har Jarwal, wai Malam girman kai gare shi, karatu ya yi masa yawa, kuma da an bar shi ya gama bayani da ya fahimta. Bayanin me kuma ya rage?

Na gaya wa Shifa ƙawayenta su dakata da zuwa gidan nan. Ta tambaye ni dalili, na ce ɗaki ya yi mana kaɗan. Ban taɓa zaton zan hana 'ya'yan mutane shigowa gidana saboda wanda muka fito ciki ɗaya ba.

Ga wata sabuwa kuma. Bizarsa ta kusa ƙarewa, ya ce ba inda za shi, zai zauna har aikin Hajji. Wai wasu leburori da ke buga ƙwallo ranar Juma'a a bayan gari sun ce ya riƙa yi musu sharhi. Mutumin da jiha guda ke saurare, yanzu shi ne zai zama takari yana ɓuya in ya hango motar 'yan sanda. Ya san sarai in aka kama shi a gidanmu iƙamar Idris, wato takardar izinin zamansa, ita za ta tafi, mu duka a kwashe mu. Shifa a nan aka haife ta, ba ta san wata ƙasa ba. Da na faɗa masa haka sai ya ce na zama Balarabiya, na manta zumunci.

Don Allah ki yi masa magana, ke yana jin nauyinki. Ki gaida kowa da kowa.

Taki har kullum,
Saudat


Jarwal, Makka
Sha'aban, 1438

Zuwa ga Yayata Mairama,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina yi miki fatan alheri, da fatan Allah ya kai mu azumi lafiya. Yaya Alhaji da yara? Yaya Hajiya? Wannan takarda Idris zai ba wani abokinsa da zai tashi daga Jidda a daren nan, don ban yarda in sa ta a jakar Yaya ba.

Kin riga kin ji hukumar ta zauna ta tabbatar da korar. Abin da watakila bai gaya muku ba shi ne wasu mata biyu sun ƙara fitowa, ɗaya ma matar aure ce da ta daɗe tana karanta labarai a gidan. Ranar da aka kira shi da hantsi ina yanka albasa, na ji falo ya yi tsit. Na leƙa na same shi zaune a ƙasa yana kuka kamar yaro. Ya ce shi bai iya komai ba sai magana, ko kwan fitila bai iya sawa ba, ina za shi da furfura. Wallahi na ji shi har cikin raina. Na zauna kusa da shi, na ce a zuciyata yau dai ya farka. Kafin la'asar ya koma naɗar murya yana cewa an yi masa taron dangi.

Idris, wanda kin san ba ya iya musu da kowa, shi ya zaunar da shi ya ce ya gama masa komai na tafiya, kuma ba shawara yake nema ba. Na ji kin ce a waya ban kyauta ba, na kori ɗan'uwana daga gari mai tsarki. Ki yi haƙuri, garin ba nawa ba ne, amma gidan nawa ne.

Na kuma ji Hajiya tana so a tara dattawa a je gidan su yarinyar. In roƙo za a je yi don ta janye, kada a je. Ni na karɓi lambarta a wurin Safiyatu na kira ta. Na faɗi sunana da wanda nake ƙanwarsa. Na ba ta haƙuri iya yadda na iya. Ta gode mini cikin ladabi, ta ce ba ni na yi mata ba. Na tambaye ta ko za ta koma aikin tunda an cire shi. Ta ce ba ta sani ba, yanzu ko kallon ƙwallon ba ta iya yi. Muryarta mai daɗi ce, Yaya, a tsaye take, irin wadda za ki so ki ji a rediyo.

Yau da safe ya je ɗawafin ban kwana. Ya dawo fuskarsa wasai, har ya sayo wa Shifa turare. Ya kira ni da Idris ya ce yana da albishir. Ya tsaya a gaban Ka'aba, ya ɗaga hannu, zuciyarsa ta yi sanyi, ya yafe musu duka. Ya ambaci sunan kowacce, Ruƙayyatu ce ta farko. Ya ce in daure in kai wa Malam Abdulquddus wannan saƙo, don hankalin yarinyar ya kwanta, ta san ba ya riƙe da ita.

Na ce, "Yaya, kai ne ka yafe?"

Ya ce ai babba shi ke fara yafewa. Idris ya ɗauki jakar Yaya ya ce mota tana jira.

Ban kai saƙon ba, ba kuma zan kai ba. Na san halinsa, yana sauka zai ce ke ki kai, ya kuma ba Hajiya labarin har ta yi masa kukan daɗi. Ina roƙon ki da girman Allah, ki bar wa yarinyar nan kunnenta ya huta.

Ga ruwan Zamzam nan a hannunsa, na Hajiya ne da ke da Ramlatu. Ita Ramlatu ki riƙa leƙa ta, ita za ta zauna da shi wuni guda yanzu. Idris da Shifa suna gaishe ku. Ku sa mu a addu'a, mu ma ba ma manta ku.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Saudat