Jaririyar Watan Mayu

Yaya Rifkatu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya Ikko, yaya maigida da yara? Ƙafar nan ta daina damun ki? Mu nan Kafanchan lafiya lau, damina ta kankama.

Kin ji na sauka, amma ba ki ji rigimar ba. A asibiti nas tana cika kati ta ce, “Wannan ta Mayu ce.” Surukata, da Hausarta ta cin kasuwa, ta ɗauka mayu masu kama kurwa ake nufi. Kwana uku ta ƙi ɗaukar jikarta. Na ce sunan watan da aka haife ta ne, ta ce, “Wa ya raɗa wa wata sunan mayu?”

Da Fadan cocinmu ya zo barka na tambaye shi a gabanta. Ya yi dariya, ya ce daga Latin ne, harshen Romawa, sunan gunkiyarsu ta tsiro, Maya. Yuli da Agusta sarakunansu ne. Satumba wai bakwai ke nan, don a da daga Maris shekararsu ke farawa. Tun ranar nake tunanin mutanen nan. Ko su ma acca suke shukawa?

Da Fada ya gama, surukar tawa ta ce, “Ashe watan shuka ne. Miƙo min ita.” Yanzu sai na roƙa kafin in samu in ba ta nono.

Ki sa mu a addu'a, baftisma ran Lahadi. Ki gaida su Kawu Bulus. Af, Maris, watan haihuwarki, sunan gunkin yaƙinsu ne. Ban yi mamaki ba.

Ƙanwarki,
Ladi